Dokin Ƙofar Guduma

Guduma muke ce masa tun muna makarantar mishan, saboda yadda yake buga ƙafa in ana fareti. Ni na zama malamin makaranta, shi ya zama kafinta. Rabin ƙofofin layinmu aikin hannunsa ne, kuma har yau babu wadda take kuka.

Da tsufa ya zo, sai ciwon karkarwa ya kama shi. Rawar hannun ba ta dame shi ba kamar ƙafafu. Yana tafe lafiya lau a fili, da ya iso dokin ƙofa sai su kafe kamar an buga musu ƙusa. Na taɓa tarar da shi tsaye a bakin shagonsa, gumi na zuba, zarto da randar goge katako suna rataye a ciki yana kallonsu. Ya ce da ni, "Malam, in abin nan bai sake ni ba, zan rabar da kayan nan in huta."

'Yarsa, wadda take aikin nas, ta kai shi babban asibiti. Likitoci suka dasa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar baya, tana aika wutar lantarki kaɗan-kaɗan cikin lakar gadon baya don ta tashi jijiyoyin tafiya. Suka haɗa shi da rimot. Ranar da na gan shi ya ƙetare ƙofar falo bai tsaya ba, hulata ta faɗi ban sani ba.

Ran da ya sa zai koma shago, na yi sammako don in raka shi. Matarsa na tarar tana shara. Na tambayi mutumina.

"Ai na kashe shi tun jiya," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na dafa bango. "Kika yi me?"

"Na kashe shi ya huta. Yini guda fa yana aiki!"

Daga ciki muryar Guduma ta taso: "Malam, zo ka cece ni! Matar nan ta mai da ni rediyo!"

Ga shi a bakin ƙofar ɗaki, sanye da rigar aiki, ƙafafu sun kafe. Ashe rimot ɗin ta ɗauka ta kashe na'urar. Ita a gidanta ba a barin abu mai batir a kunne, haka ta saba tun aurensu.

Ta miƙo rimot ɗin tana gunaguni, na danna yadda 'yarsa ta nuna mana. Muka zuba ido. Can sai dugadugin dama ya ɗaga, na hagu ya bi.

Bai tsaya ba sai cikin shago. Ni na biyo shi a baya. Shi kuwa ya juyo ya shafa katakon ƙofar, ya ɓata rai.

"Wannan ya kumbura. Miƙo mini randa."