Baba Yakan Duba Gindin Harsashi Kafin Ya Zargi Kowa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa da rahama. A daminar da ya rasu ina amarya. Yau ga ni da 'ya'ya biyu, ɗaya goye a bayana a nan Doha, ɗaya kuma, Ummi, tana can gida wajen Inna saboda takardunta ba su fito ba tukuna. Da so samu ne, addu'a kawai zan rubuta in yi shiru. To amma abin da ya faru a gidansa makon jiya ya hana ni, domin na san da yana raye ko a mafarki ba zai faru ba.

Baba maharbi ne a ƙauyenmu na bayan Ningi. Shi manoma ke kira in aladun daji ko birai sun addabi gona. Yana da takardar bindigarsa, kuma saboda tsadar harsashi, da kansa yake sake cika kwanson da ya harba, a wani ɗan ɗaki da ke jikin zaure. Ni ce mai ware masa kwanso a faifai, masu lafiya gefe, masu tsaga gefe. A nan na san cewa a tsakiyar gindin kowane harsashi akwai ɗan maɓalli wanda bai kai ƙwayar wake ba. Shi allurar bindiga ke sara in an ja kunama, shi kuma ya ba albarushi wuta. Baba ido yake ce masa.

Maharban wajenmu suna da wani camfi, wai in mace ta tsallake bindiga ba za ta tashi ba, sai an sa ta ta sake tsallakewa da baya. Wata rana, ina 'yar ƙarama, na kai wa wani baƙon Baba ruwa a zaure. Washegari mutumin ya dawo yana huci, wai ni na tsallake masa bindiga, ga alade a gabansa ta ƙi tashi. Ina laɓe a bayan ƙyaure ina ji. Baba bai ko kira ni ba. Ya ce a ba shi harsashin da ya ƙi. Ya juya shi, ya kara a hasken ƙofa, sai ga saran allura ɗan kaɗan, kamar an taɓa da farce.

"Allurarka ce ta gaji, Malam," in ji shi. "Bindiga ba ta san ƙafar kowa ba."

Haka yake karanta su. In saran bai shiga ba, laifin bindiga ne. In ya shiga sosai amma ba a ji komai ba, idon ne ya mutu, ko laima ta kama shi ko mai ya taɓa shi. Shi ya sa ko tuwo ya ci da man shanu, sai ya wanke hannu da toka kafin ya shiga ɗakin nan. Wani lokaci idon bai zauna daidai a gurbinsa ba, za ka ji shi ya ɗago in ka shafa da yatsa. Wanda ya fi ɓata masa rai shi ne ya ga ido ya baje ko ya huje, ya yi baƙi. Wannan kam mai cikawar ne ya yi zarin albarushi, kuma Baba yakan ce irin wannan mutum fuskarsa yake harbi da sannu. Dokarsa babba ita ce, in ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka motsa bakin bindiga daga inda yake. Ka karanta Fatiha a nitse kafin ka buɗe, saboda wani idon barci kawai yake yi, yana iya farkawa. Bindiga mai harsashi a ciki kuwa ba ta taɓa wuce zaurenmu ba.

A nan unguwarmu ta Al Thumama ban ganin bindiga sai a ƙugun ɗan sanda. Duk da haka, in watannin zafi suka zo, iskar teku ta jiƙe gari har gilashin taga yana zufa, Baba nake tunawa. Na san abin da zai ce in ya fito daga jirgi ya shaƙi wannan laima: garin nan ba ya barin harsashi da rai. Zai so tsabtar titinsu, zai yi ta tambayar maigidana yadda injin ɗaukar kaya na filin jirgi yake aiki, tunda gyaransa yake yi. Amma in aka miƙa masa waya aka nuna masa ɗansa, ban san inda zai sa fuskarsa ba.

Yaya Sale shi ya gaji bindigar da akwatin kayan aikin, don shi ne namiji babba. Lokacin da Baba ke zaune a ɗakin nan yana aiki, shi yana tasha yana karta. Bai taɓa ware kwanso ko ɗaya ba. Yanzu kuwa ku zo ku ga maharbi. Ya sa rigar layun Baba, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa, ya rataya bindiga, abokansa suna ɗaukarsa a waya yana zare ido, an ɗora kiɗan tauri a kai. A iya sanina, abin da ya taɓa kayarwa tun da ya fara bai wuce zakaran Inna ba, shi ma kuskure ne. Gashin girarsa ta hagu, da wuta ta lashe ranar da ya yi zarin albarushi, har yau bai gama fitowa ba, amma in ka tambaye shi, wai abokan gaba ne suka yi masa jifa.

Makon jiya Hadiza matarsa ta turo mini saƙon murya, tana magana ƙasa-ƙasa. Wai Yaya ya je gadin gonar wani, aladu suka fito, bindiga ta ƙi tashi, aka yi masa dariya. Ya dawo gida ya ce ya tuna, da safe Ummi ta wuce ta kan tabarmar da ya ajiye bindigar. Ya zane mini yarinya da tsumagiya. Bai tsaya nan ba. Ya shimfiɗa bindigar a tsakar gida, da harsashin da ya ƙi tashi a cikinta, bakinta na kallon madafa inda Inna ke zaune, ya sa 'yar shekara biyar ta tsallake ta da baya tana kuka. Kuma wai za a maimaita duk ranar da zai fita.

Ina tsaye a kicin na ji saƙon. Na zauna a ƙasa da jariri a baya. Na riƙa ganin ɗan diddigenta yana taɓa kunama. Daga Doha me zan yi? Ko yau na hau jirgi sai gobe in isa. Can sai abu ɗaya ya zo mini. Na ce wa Hadiza ta lallaɓa ta ɗauko mini hoton gindin sauran harsasan da suka ƙi tashi a gonar, waɗanda ta ce ya zuba a kwano.

Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Saran allura ya shiga sosai a kowanne, bindigar Baba lafiyarta ƙalau. Amma harsasan sai ƙyalli suke, ƙura ta manne a gefen idon. Na tambayi Hadiza ko yana shafa musu wani abu. Ta ce ai akwai wani man magani da ya saya a kasuwar Laraba, wai na sa'ar harbi, kullum sai ya mulke su da shi kafin ya kwanta.

Na kira shi ta wayar Hadiza.

"Yaya, da hannunka ka kashe harsasanka da mai, ka zo ka daki 'yata?"

"Ke Mairo, sanyin na'ura ne ya taɓa miki kai? Yaushe mace ta san bindiga?"

"Ɗauko ɗaya ka goga a farar rigarka, ka ga abin da zai fito. Ko ka tambayi girarka."

Ya ce tun da na hau jirgi na raina mutane, ya kashe waya. Ban damu ba, dama ba shi nake so ya ji ba. Na san Hadiza ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, kuma Inna na kusa.

Inna ba ta taɓa sa baki a sha'anin bindiga ba, shekara da shekaru tana aure a gidan maharbi. Ranar nan ta sa. Hadiza ta ce Inna ta tashi ta kira Kawu Idi ƙanenta, wanda suka yi farauta tare da Baba. Shi ya fitar da bindigar bayan gari ya cire harsashin. Inna ta sa aka mayar da ita da akwatin cikin ɗakin zaure, ta datse kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Yaya ya yi ta zage-zage a ƙofar gida, wai an tozarta shi a gaban mata. An bar masa rigar layun. Ina jin ta ishe shi ɗaukar hoto.

Maigidana ya ce kalas, ya isa haka, ba zai ƙara jiran kowa ba, da kansa zai riƙa bin takardun Ummi har su fito. Ina fata. Kafin nan dai barcina rabi ne, don na san makulli a bakin zane ba katanga ba ne, kuma Yaya ya iya lallashi.

In na auna abin da Baba ya bari, gonar an raba, bindigar tana kulle, sunan maharbi kuma yana hannun wanda ke wasa da shi a waya. Abin da ya rage mini shi ne wannan ɗabi'a tasa ta juya abu a duba gindinsa kafin a ɗaga hannu a kan wani. Ban san na ɗauke ta daga faifan nan ba sai da ranarta ta zo.

Jiya Ummi ta karɓi wayar Hadiza, ta kawo fuskarta daf da gilashi har hancinta kawai nake gani. Ta ce, "Mama, ni na kashe bindigar Kawu Sale?"

Na ce mata a'a. Na ce kakanta, wanda ba ta taɓa gani ba, ya riga ya amsa wannan tambayar tun ina kamarta: bindiga ba ta san ƙafar kowa ba. Allah ya kai haske kabarinsa.