Murfin Baba

Har yau in na ga robar lemo a yashe a bakin kanal ɗin ban-ruwa sai raina ya ɓaci. Mutane na cewa na cika mita. To, a bar ni in yi, ni na san abin da ta ja mini.

Muna yara lemo a kwalba yake zuwa, ka sha a tsaye a gaban mai shago ka miƙa masa kwalbarsa. Daga baya ta roba ta shigo, mai kauri, mai zuzzurfan murfi, ko jifa ka yi da ita ba ta lotsewa. Nan da nan manoman Kura suka samar wa murfin aiki: da shi ake auna maganin feshi. Baba ya tsayar da nasa ma'aunin, murfi huɗu a tankin feshi ɗaya. Wani jan murfi yake da shi, ya ɗaura masa zare, kullum yana aljihun rigarsa. Na sha yi masa tsiya a kai, ina cewa murfin da ke zube a kowace bola shi ne ake wa gata haka?

Ana nan masu yin lemon suka shiga sauye-sauyensu. Yau a yi wa robar ƙugu, gobe a ƙara mata tsayi, jibi a sirance ta har in ka riƙe tana ƙara kamar leda. Duk ina gani, ban damu ba. Ashe har murfin sun gajarta, kuma ba wanda ya yi shela.

Shekarar da ciwon gwiwa ya zaunar da Baba, ya bar mini gonar tumatirinmu ta hanyar Kadawa. Karo na farko ke nan da ya sakar mini noman rani ni kaɗai, ina da mata da 'ya'ya biyu amma bai taɓa yarda da hannuna ba. Na ƙudurta sai ya ga kwanduna a ƙofar gida. Da zan fita feshin farko ya laluba aljihu zai ba ni murfin, na ce, "Haba Baba, bar kayanka, murfi ai ko'ina akwai."

Na sha lemona a bakin gona, na auna huɗu cif da murfinsa. Haka na yi ta yi duk sati. Tsutsa kuwa ko a jikinta! Ganye ya fara ƙonewa, 'ya'yan duk huji. Na zagi mai maganin, na ce jabu ya sayar mini, na koma wani shagon a Bunkure na sayo wani, na sake auna huɗu. Kafin in farga rabin gonar ta tafi. Wallahi ranar da na tsinka, kwandunan da na samu ko amalanke ɗaya ba su cika ba.

Na dawo gida ina ta faɗa, Baba yana zaune a zaure yana jina. Da na gaji ya ce, "Kawo abin da kake awo da shi."

Na ciro na ba shi. Ya fito da jan murfinsa, ya cika shi da ruwan buta, ya juye a nawa a hankali. Nawa ya cika tun da sauran ruwa, ragowar ta bi yatsunsa ta zube a ƙasa. Ya nuna jiƙaƙƙen wurin da haɓa.

"Ga tumatirinka nan," ya ce.

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na zaci zai karɓe gonar ya ba ƙanena. Sai ya ɗaura mini zaren jan murfin a maɓallin rigata da kansa.

Baba ya rasu damina biyu bayan haka. Murfin yana nan a aljihuna, amma bana ya tsage a gefe, yana ɗiga. Na duba bola, na duba shaguna har Kano, ban samu irinsa ba.