Baba Labbo da Jirgin da Ba Ya Rawa

Duk wanda ya taɓa shiga abin hawa ɗaya da kakana Baba Labbo ya san ba a yi masa gaggawa a bakin ƙofa. Mota ce, keke mai ƙafa uku ne, sai ya tuɓe takalmi, ya sa ƙafar dama ciki, ya danna sau biyu, sannan ya dubi direba ya ce, "Ta ina shika yoyo?" Direba ya ce, "Haba Baba, mota ai ba ta yoyo." Shi kuma ya ce, "Haka kowa ka cewa kahin a kai tsakiya." Kullum kuwa akwai ɗan ƙoƙon kwalfe ruwa a aljihunsa, ko masallacin Juma'a za shi.

Ku mutanen Argungu kun san dalili. Tun yana saurayi yake fito a gulbi, yana ƙetarar da manoman shinkafa da albasa zuwa fadama da jirginsa na katako. Ni Saratu, jikarsa ta wajen ɗiyarsa ta fari, ina aikin jinya a Birnin Kebbi. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa angon ruwa. Ba mu taɓa zama minti biyar ba mu tsokani juna ba.

Lokacin da aka fara maganar sabon jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a rediyo, kowa a mashigi ya zama gwani. Wani ya ce akwai sanyi a ciki kamar randa, wani ya ce kujerun har kwanciya suke yi. Baba Labbo yana ta ɗinkin homarsa ta kamun kifi bai ɗago kai ba. Sai Malam Jabbi, abokinsa mai noman albasa, ya ce, "Labbo, an ce wata rana har Kabi za a kawo shi. Kai da jirginka sai ku huta."

"Wane jirgi?" in ji Baba. "Jirgi guda na duniya, na ruwa. Na ƙasa da na sama duk aron suna sunka yi, ko godiya babu."

"To in ya zo hwa?"

"Ta ina za shi ƙetare gulbi?"

"Gada za a yi mai."

"Ka ji ko? Jirgin da sai an ƙetarar da shi ruwa. Wanga ai fasinja na."

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne idonsa ya fara tafiya. Yanar ido ce ke rufe masa ido biyu a hankali. Ni na lura, amma in na yi magana sai ya ce hasken yanzu ne ba shi da auki. Wata safiya a bakin kasuwa ya tsaya ya gaida buhun albasa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Da buhu bai amsa ba ya ce, "Jabbi ya yi girman kai tun da albasa tay yi daraja." Malam Jabbi na tsaye bayansa yana dariya har da hawaye.

Dariyar ta ƙare ranar da ya ɗauko mata shida daga fadama ya daki kututture a gefen ruwa, kututturen da ya san da zamansa shekara da shekaru. Ba wadda ta faɗa, ba wadda ta ji ciwo, kwanon shinkafa ɗaya ne ya zube. Amma ya kai su gaɓa, ya ɗaure jirgin da hannunsa, ya koma gida ya zauna a zaure. Sati uku bai leƙa gulbi ba. Kakata Inna Kulu ta kira ni ta ce, "Saratu, tsohon ga ya bar musu. Ko na ce rana daga yamma taka hitowa sai ya ce to." A nan na san abin ya kai.

Kawu Sani, ɗansa da ke aiki a Abuja, ya samo likitan ido a Kaduna. Ya ce mu hau jirgin sama daga Ambursa mu same shi, daga can ya raka mu. Baba ya ce sam.

"In ya lalace a sama, ina za ni yi iyo in hita?"

Haka muka bi mota yini guda cur har Abuja. Ya jigata, ƙafafunsa suka kumbura, amma bai koka ba, don shi ya zaɓa. Da Kawu ya ga halin da ya iso, ya ce ba za a ƙara sa shi a mota ba, jirgin ƙasa za mu hau zuwa Kaduna. Na zaci za a yi daru. Sai Baba ya ce, "To. In tai in ga mai sunan aro."

A tashar Kubwa, da jirgin ya tsaya, ya tuɓe takalmi kamar kullum, mutane na jira a bayanmu. Ya danna ƙasan tarago sau biyu, ya yi wa ma'aikacin da ke ƙofa tambayarsa ta yoyo. Mutumin, Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, yau da safe muka duba, babu." Baba ya juyo ya ce mini, "Wanga ya san aiki."

Muka shiga, na nuna masa kujerarsa, na ce kowa da lambarsa. Ya ƙi zama. Ya tsaya a tsakiya yana ƙifta ido, yana duban dama da hagu, don inuwa-inuwa kawai yake gani. Can ya matso kunnena, da muryar nan tasa da ba ta san raɗa ba, ya ce, "Amarya, wancan tudun na bakin taga, mutum na ko kaya?"

Wani Alhaji ne, Allah ya ba shi jiki, kusa da shi kuma ɗan'uwansa, shi ma ba baya ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Mutum ne, Baba, don Allah zauna."

"Su biyu gehe guda? Wa yal loda jirgin ga? Bawan Allah, ɗayanku shi koma hagu. Ban zama in ga ana kihewa da ni."

Kawu Sani ya fara ba da haƙuri, amma Alhajin ya riga ya fashe da dariya. Ya miƙe ya ce, "Gaskiyarka, Baba, a bi doka." Ya yi musanyar wuri da wata siririyar ɗaliba. Sai da Baba ya ji kujerar hagu ta amsa sannan ya ce bismillah ya zauna.

Bai jima ba ya fara raɓe kafaɗa. Ya ce wa ya bar ƙofa buɗe. Na ce na'urar sanyi ce, don jin daɗin fasinja aka sa. Ya ce, "Sanyin da muka gudu ga ruwa da asuba shi anka ɗauro cikin akwati ana rabawa?" Na ciro mayafina na ajiya, ja mai furanni, na yafa masa. Ya lulluɓa har ka. Na ce yau ango ya zama amarya. Ya ce in bari ya warke, zai sake ni gaban shaidu.

Muna cikin tafiya, an wuce gari an shiga daji, sai ya ƙwanƙwasa hannun kujera. "Wai yaushe za mu tashi? Ko matuƙin ya tai cin abinci?"

"Baba, ai mun daɗe da tashi."

"Ƙarya kika."

Kawu ya rantse masa, Alhaji ya sa baki, Baba ya ce duk bakinmu ɗaya. Shi a saninsa abin hawa sai ya yi rawa, ya jijjiga ƙashi, sannan a san ana tafiya. Ya zaro ƙoƙonsa, ya sa na zuba ruwan gora har kusa da baki, ya ɗora a cinya, ya tsoma ɗan yatsa a ciki. Ruwan yana ɗan kaɗawa kaɗan-kaɗan, amma ko ɗigo bai zuba ba. Ya karkata kai yana sauraren ƙarar ƙafafun jirgin a ƙasa. Ya daɗe a haka.

"Muna tahiya," ya ce a hankali. "Kuma gudu muka." Ya shanye ruwan, ya mayar da ƙoƙo aljihu. "Hannun yaron ga da sanyi. Wa yak koya mai?"

Kafin mu kai rabi barci ya kwashe shi, baki buɗe, cikin jan mayafi. Mutumin da bai taɓa runtsawa a abin hawa ba. Har ya bar duniya bai yarda ya yi barcin ba. In na tayar da maganar sai ya ce, "Saurare nikai. Wanda bai san jirgi ba shi ka cewa kwana."

An yi aikin ido ɗaya lafiya, aka ce ɗayan sai bayan wani lokaci. Washegari da safe aka cire bandeji, ina tsaye gabansa. Ya buɗe ido, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Ashe haka kinka tsuhwa? An cuce ni. Shekara uku ina zaton yarinya nika aure."

Na ce, "Kai ma bari a ba ka madubi." Na fita waje na yi kukana na dawo.

A komowa ba a yi maganar sanyi ba. Kujerar taga ba tasa ba ce, ta Kawu ce, amma ya ce ɗa ba ya gadon taga uban na raye. Ya manna baƙin tabaran da aka ba shi da gilashi tun daga tashar Rigasa. Duk gonar da muka wuce sai ya yi mata hukunci. Wannan an ja kunyoyinta a karkace, wancan mai ita malalaci ne. Da muka hau wata gada ya hango ruwa a ƙasa, sai ya miƙe tsaye. Ya ce akwai tarwaɗa a wurin, ya gani ga launin ruwan, a gaya wa matuƙi ya ɗan dakata. Na ce ba a tsayawa sai a tasha, kuma da lokaci. Ya ce, "Ko sarki na ciki?" Na ce ko wa ke ciki. Ya koma ya zauna yana jinjina kai. Ban san ajiye maganar yake yi ba.

Da muka sauka ya ce sai ya ga matuƙi. Ya taka tsawon dandamalin nan har kan jirgin, ba sanda, ba riƙon hannu. Matuƙin ya leƙo ta 'yar taga, magidanci ne mai furfura a gemu. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu da aiki, abokin sana'a." Ya miƙa masa ƙullin bandar kifin da ya taho da shi tun daga Argungu, wanda ya hana mu taɓawa duk tafiyar. Mutumin ya karɓa da hannu biyu.

A mashigi kuwa, da aka taru ana tambayarsa yaya jirgin ƙasa, sai ya taɓe baki. "Ba laihi. Sai dai ba kihi ƙarƙashinai." Iyakar yabon da aka samu ke nan.

Amma bayan an yi ido na biyu, likita ya ce ya koma aiki, kun ga abin da ya faru. Ya sa Inna Kulu ta cusa tsumma a buhunan shinkafa ta ɗinke, ya ɗaure a kan kowane benci na jirginsa. Ya kafa rumfar zana saboda rana. Ya samo farin fenti ya sa Malam Jabbi ya rubuta lamba, ɗaya zuwa takwas, duk da shi kansa bai karanta boko. Sannan ya yi shela cewa daga yau jirgi na tashi da hantsi, in inuwar giginyar mashigi ta taɓa dutse, kuma ba ya jiran kowa. Mutane suka ɗauka wasa ne.

Kwana na uku Inna Kulu za ta fadama kai wa masu yankan shinkafa abinci. Ta tsaya gaisawa da wata maijego a hanya. Tana isowa da kwano a ka, inuwa ta taɓa dutse, ya tura jirgi. Taku biyar ya rage mata.

"Malam, ni ta hwa, Kulu!"

"Na gane ki sarai, idona ya buɗe. Ki jira na gaba."

"Wane na gaba? Kai kaɗai na ga mashigin ga."

"To ki jira ni."

Ranar tuwon dare bai samu miya ba, ta ce miya ta tashi da lokacinta. Ya ci gayansa yana cewa haka tsari yake.

Damina biyu ya ƙara yi yana fito, bai sake taɓa kututture ba. Tsofaffin mata suka riƙa cewa bayansu ya huta tun da aka sa buhunan nan. Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya kwantar da shi. Na zo daga Birnin Kebbi na zauna gefensa ina shafa masa ruwa a goshi. Ya buɗe ido ya ce, "Amarya, kin kai ni na gani da idona. Allah shi kai ki inda kika so." Na ci gaba da shafa masa ruwan. Washegari bayan azahar ya cika.

Har yau layin dogo bai iso Kabi ba. In Allah ya kawo shi muna raye, na san za a yi tururuwa a tasha, ni kuma zan tsaya a gefe in rasa wanda zan tsokana.

Allah ya jiƙan Baba Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Mutanen da ya ƙetarar da su ruwa ba su ƙirguwa, bai taɓa rasa ko ɗaya ba. Ya Rabbi, shi ma ka ƙetarar da shi siraɗi cikin sauƙi, ka saukar da shi a gaɓar rahama. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.