Bindigar da Baba Ya Kasa Gyarawa

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don ƙanwata tana nan da ranta, kuma bakinta ya fi nawa kaifi. Ita ce ma ta ce, "Faɗi mana, Yaya, da can kunya gare ka?"

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo, kowa na sayen babur da rediyo, ni ina jan babbar mota, yau Kano gobe Damagaram. Wata rana na sauka gida Daura na tarar da ita a ɗakin Inna, ido ɗaya a kumbure. Mijinta maharbi ne. Dukan ba sabon abu ba ne, amma wannan karon ya zauna gabanta yana ɗura wa bindigarsa albarushi, yana kallonta.

Na tafi wurin 'yan sanda in roƙa a karɓe bindigar. Wanda na tarar ya ce, "Yana da lasin. Ya harbe ta ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To, doka ba ta ba mu ikon karɓa ba."

Babanmu maƙeri ne, maharban yankin duk wurinsa suke kai gyara. Da mijin ya zo biko da dattawa biyu da goro, Baba ya tarbe su da fara'a.

"Ɗana, ran nan na ga kamar bakin bindigarka ya tsage. Kawo in duba, kada ta fashe a hannunka."

Ya kawo. Baba ya ce ya dawo Juma'a. Ran Juma'a Baba ya ce, "Ƙarfen gyaran na Kano ne, ga direba nan, tambaye shi." Ni kuwa tun daga ranar na zama sarkin mantuwa. In kawo gishiri, in kawo wa Inna atamfa, ƙarfe dai sai tafiya ta gaba.

Muna cikin haka lasin ya ƙare, babu bindigar da mijin zai nuna a sabunta. Ƙanwata ta samu ƙarfin zuwa gaban alƙali, aka raba auren. Ran da na ji tana daka tana tsokanar Inna, fita na yi in goge gilashin mota, alhali ba datti.

Bindigar tana nan rataye a tsohuwar maƙera, lafiyarta ƙalau. Da na ba 'yar ƙanwata labarin, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawu, to wadda babanta ba maƙeri ba ne fa, wa zai karɓe mata?"