Kyauta Mai Wankin Jakar Numfashi

Kyauta mutuniyar Bazaga ce. Shekara tara tana wanke fo da zannuwan majinyata a wata likita, wato asibiti, cikin Birnin Konni, ba ta taɓa yatsina fuska ba, sai shekarar saba'in da biyu da wani baƙon lokotoro, wato dakta, ya zo da jakarsa.

Jakar roba ce, ta kai buhun gero, da tiyo a bakinta. Sai a zaɓi wanda ciwon ƙirji ya kai ƙasa, a matse masa hanci da ɗan ƙarfe, a cusa masa tiyon a baki, ya yi ta fesa numfashi ciki har ta kumbura. Lokotoro ya auna ya rubuta. Majo, shugaban masu jinya, ya bayyana wa Kyauta cewa ana son a san yawan iskar da jikin mara lafiya yake ci ne. Ta ce to in an sani sai a ba shi me? Majo ya ce ita dai ta je ta wanke.

Kuma wankin ƙazanta ne na gaske. Majina, kaki mai jini, yawu ya yi kauri yana bin yatsu. In ta matse jakar a bayan ɗaki, wani ɗoyi mai ɗumi ya bugo ta, sai ta wuni tuwo bai shiga ba. Amma abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne ganin mutum yana kokawa da ransa, wani ƙato na tsaye a kansa yana duban agogo.

Mutanen ƙauye kuwa suka ɗauka jakar tana ba mutum iska ne. Labari ya kai har Alela, aka riƙa kawo marasa lafiya a kan jakuna ana roƙon a sa musu.

Da kaka aka kawo yayanta Iliyasu, ya rame sai haƙarƙari, matarsa Larai na riƙe da shi. Ya kama hannun Kyauta ya ce, “Ke ta nan ce. Ki yi mini hanya a sa min jakkar ga.”

“Yaya, ba magani ba ce. Ɗauka takai, ba ta badawa.”

“Rowa za ki yi min, ni da na goye ki?”

Kyauta ta miƙe. Ta je ta durƙusa wa majo, ta wanke tiyon sau uku da ruwan zafi, ta tsaya tana kallo aka matse hancin yayanta. Idanunsa suka firfito, gumi ya jiƙa shi. Da aka cire ya ce ya ji sauƙi. Kwana biyu ya ƙara a duniya.

Bayan sadakar bakwai Larai ta zo da ƙwaryar wake ta aje gabanta. Ta ce, “Allah shi saka miki. Kin yi mishi abin da ba kowa ka samu ba.” Tari ya sarƙe ta, ta tofa a gefen zane ta naɗe da sauri, amma Kyauta ta riga ta ga launin jini a kakin.

“Ni ma ƙirjin ya hwara,” in ji Larai. “Ki yi min magana wurin majo tun da sauran ƙarhina.”