Dattijo a Layin Giya

Ƙanwata Saffana ta haihu a Kano, namiji, ni kuma ina Guangzhou bakina ya ƙi rufuwa. Na shiga kanti in sayo lemo in raba wa 'yan masauki, sai ga wannan bawan Allah a layin giya.

Dattijo ne, gemu ya fara furfura, ga tabon sallah a goshi, hula kuma an cusa ta a aljihu. Da hannun hagu yake ɗaukar kwalbar bodka, ya naɗe wuyanta da hankici. Sai ya kife ta ya zuba wa kumfar ido, yadda ake gwada zuma a kasuwa: in ta hau a hankali, mai kyau ce. Duk wadda ya kifa, kumfar sai ta yi sama fit. Ya girgiza kai ya ɗauki wata.

Mashayi dai ba ya haka. To wanda ba ya sha, me ya kawo shi? Ko wani laoban, wato maigida da yarensu, mai masana'antar jaka a Shiling ne ya riƙe masa kaya, tunda aka fara wasannin Olamfik a ƙasar nan komai sai da 'yar gaisuwa? Ko kuwa hankicin na ganin ido ne?

Wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, na ce da Hausarmu ta Kano, "Lafiya lau, ita da jaririn."

Dattijon ya daskare, sannan ya juyo.

"Samari, wace unguwa?"

"Fagge, Alhaji."

"Fagge," in ji shi. "Can surukaina suke. Allah Ya raya."

Ya mayar da kwalbar, ya zaro hularsa ya sa, ya fita bai sayi ko ruwa ba.