Mutari Mai Parabol da Tsamiyar Unguwarmu

Ina ɗaurin damman gero a gona wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin hanya ya ce mini Mutari ya rasu a likitar Dungas, bayan zazzaɓin da bai yi sati ba. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan damin, igiyar tana hannuna.

Duk Yekuwa an san Mutari da kafa parabol, faifan ƙarfen nan mai jawo hoton tele daga sama. Ni ban mallaki tele ba, ba kuma zan mallaka ba. Tsamiya ce ta haɗa ni da shi.

A ƙofar gidana take. Ƙarƙashinta kakannin unguwar nan suka sauke kaya kafin su haƙa rijiyar farko, kuma ni na rage mai iya jero sunayensu. To, sai maƙwabta suka haɗa kai suka kafa faifai a gidan Ilu mahauci, aka ja waya zuwa gidajensu. Da damina ta sauka, ganye ya cika ya jiƙe, hoto ya dinga yankewa. Aka ce tsamiya ce ta tare gabas. Ilu ya fito da gatari. Na shimfiɗa buzuna a gindinta na ce su fara da ni.

Mutari suka kira ya nuna musu rassan da za a sare. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi labarin bishiyar, ya saurara har ƙarshe, abin da 'ya'yan cikina ba sa yi.

"Baba, sama faɗi gare ta," in ji shi. "Idan an tare ka nan, sai ka matsa can."

Ilu ya ce, "Wato tsohon nan ya saye ka da tatsuniya?"

"Kai ma zauna ka ji, da sunan kakanka a ciki," in ji Mutari.

Ya tumɓuke ƙarfen da ke riƙe da faifan, ya mayar da faifan kan soron Hajiya Kande, can gaba da tsamiyar. Sai dai saitin faifai aikin mutum biyu ne: ɗaya a sama yana juyawa kaɗan-kaɗan, ɗaya gaban tele yana faɗin abin da ya gani. Yanzu tazara ta yi yawa, murya ba ta kaiwa. Mutari ya leƙo daga kan soro ya ce, "Baba, tunda ka ƙi tashi, ara mana maƙogwaro." Haka na zama ɗan aike daga kan buzuna. Ilu a gaban tele ya ce hoto ya zo, in ɗaga murya in ce ya zo. Ya ce ya tafi, in ce ya tafi.

Bai cika gaggawa ba. Kowace mahaɗar waya sai ya naɗe ta da kyau, yana cewa, "Waya kamar zumunci ce, ta mahaɗa ruwa ke shiga." Kuma ba ya tafiya sai ya je gidan ƙarshe a layi, na Inna Talle da mijinta ya rasu, ya ga hotonta ya kai na Ilu haske. Tun daga lokacin, duk iskar da ta karkatar da faifai, shi a sama, ni a tsakiya.

Yana kwance a likita iskar ƙarshen damina ta sake juya faifan. Hoto ya ɗauke. Da ya rasu, na ji samari suna cewa tunda ba mai hawa, a dawo da faifai gidan Ilu a sare bishiya a huta. Na kwana da abin a raina, don mai tare mini ya tafi.

Bayan sadakar uku sai ga Ilu da tsani a kafaɗa. Ya jingina shi a soron Hajiya, ya sa ƙaninsa gaban tele, ya ce, "Tsoho, koma wurinka. Ban iya kamar shi ba, za ka sha kira." Mun kai la'asar kafin hoto ya tsaya. Da na ce ya zo, muryata ta karye, sai da na maimaita.

Ya Allah ka jiƙan Mutari, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa. Ka ba matarsa Hadiza da mahaifiyarsa haƙurin rashi, ka raya 'ya'yansa, ka haɗa su da masu sauraron su har ƙarshen magana. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.